Barmo da Ciyawar da Ya Binne

An taɓa yin wani mutum a wani gari, tun zamanin da iyayenmu ke da ƙarfinsu. Ba zan faɗi sunan garin ba, kada wani a cikinku ya ce da kakansa nake. Sunan mutumin Barmo. Wani bawan Allah ne kawai. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba shi da sarautar ko da lungu. In an yi taro, shi ne mai zama can bakin tabarma. In an watse, shi ne mai naɗe ta.

Ku gyara zama, ku saurara. Ku na baya, in muryata ba ta isa gare ku, ku matso, akwai wuri.

Dukiyar Barmo duka a duniya, ban da 'yar gonarsa, shanu biyu ne na tatsa. Ɗaya tsohuwa ce, ana ce mata Guzuma. Ɗayar ana ce mata Wake, saboda dabbare-dabbaren baƙi da fari da ke jikinta. Ita ce mai ƙuruciya, ita ce mai nono. Matarsa Gaje ce ke tatsa. Ta dafa madarar, ta zuba a ƙwarya ta kwana ta zama kindirmo, ta ɗebi na yara, saura ta kai bakin kasuwa. Da ƙwaryar nan ake sayen gishiri, da ita ake sayen sabulu, da ita ake cefane. Ranar da ƙwarya ta fita, an yi miya. Ranar da ba ta fita ba, sai gayan tuwo.

To, kun san halin shanunmu. Da damina ga ciyawa ko'ina, saniya ta yi sheƙi, hantsa ta cika, har nono ya yi yawa a rasa mai saye. Da rani kuwa, sai busasshen kara da ƙaiƙayi. Kafin bazara ta yi nisa kana iya ƙirga haƙarƙarinta daga bakin ƙofa. Gaje ta matsa, ta matsa, abin da zai fito bai rufe gindin ƙwarya ba. Kowace shekara haka. Kowa ya saba, har ba wanda yake ganin abin a matsayin matsala. Ana cewa ai rani ne.

Wata shekara, damina ta kusa ɗaukewa, sai ga wani malamin dabbobi ya zo garin a kan keke, sunansa Malam Haladu. Aka tara masu shanu a ƙofar gidan mai unguwa. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa, amma yana da saurin magana, kuma yana da wasu garuruwan da zai je kafin rana ta faɗi. Ya ce musu busasshen kara cika ciki kawai yake yi, ba ya zama nono. Ya ce saniyar da ake tatsa ba cinta ɗaya da wadda ba a tatsa ba. Ya ce a daina shanya harawa a kan rufin ɗaki rana na dukanta har ganyen ya zube, a ajiye ta a inuwa. Ya ce dusa da ɗan gishiri, ya ce angurya, ya ce ruwa mai tsabta safe da yamma. Barmo yana ta gyaɗa kai. Kafin ya riƙe ta farko, an wuce ta huɗu.

Sai malamin ya kawo babbar. Ya ce a haƙa rami. A yanko karan dawa tun yana ɗanye shar, da ruwansa a jiki, a daddatsa shi ƙanana da adda, a zuba a ramin, a tattake sosai, a rufe da tabarmi da laka yadda iska ba za ta shiga ba. A bar shi har tsakiyar rani. In an buɗe, saniya za ta ci abincin damina a cikin bazara.

Sai wani maƙwabcin Barmo, Korau, mutum mai baki, wanda ba a taɓa yin zancen da bai san kansa ba, ya ce, “Malam, mu a garin nan mutum muke binnewa. Ciyawa me ta yi?”

Aka fashe da dariya. Malamin bai ji haushi ba, ya ci gaba da bayani. Ya faɗi wani abu game da ciyawar sama, wadda za a fara tararwa in an buɗe ramin. Amma daidai lokacin Korau yana maimaita wa na kusa da shi barkwancinsa, ana ta ƙyaƙyatawa, Barmo bai ji da kyau ba. Ya so ya tambaya, kunya ta hana shi.

Da malamin zai tashi, ya ce, “Wa zai gwada bana?”

Kowa ya sunkuyar da kai. Idon malamin ya faɗa kan Barmo. Barmo kuwa ba ya iya bari baƙo ya tambaya a yi shiru. Ya ce, “To.”

Shi ke nan. “To” kawai. Malamin ya yi murna, ya ce zai dawo ranar buɗe rami, ya hau kekensa.

Jama'a, ku lura da wannan. Barmo bai gane abin ba. Bai ma yarda da shi ba. Amma a wurinsa, “to” da ya faɗa a gaban mutane alkawari ne. Washegari ya ɗauki lauje ya shiga gonarsa, ya fara yanke wani sashe na dawarsa tun ba ta nuna ba.

Gaje ta biyo shi gonar, ta tsaya riƙe da haɓa. Ta ce, “Malam, lafiya? Dawar da za mu ci kake yankewa?”

Ya ce, “Ta shanu ce.”

“Shanun ga ciyawa har wuyansu.”

“Ba yanzu za su ci ba. Binnewa zan yi.”

Ta ce, “Kai ka gane abin da kake yi?”

Ya ce, “Wallahi, Gaje, ban gane ba. Amma na ce to.”

Ya haƙa ramin a bayan gida. Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya ba da shawara. Wannan ya ce a yayyafa ruwa. Wancan ya ce ruwa ne zai ruɓar da shi. Wani ya ce a barbaɗa kanwa. Wani ya ce shi da kunnensa ya ji malamin ya ce a bar 'yar kafa don iska. Korau ya ce a'a, kafa biyu aka ce. Barmo ya tsaya a cikin rami, adda a hannu, yana kallon wannan, yana kallon wancan. Duk wanda ya yi magana sai ya ji kamar shi ne mai gaskiya. Daga ƙarshe ya yi iya abin da ya tabbata ya ji: ya daddatsa, ya tattake, ya rufe, ya shafe da laka. Harawar wakensa kuma ya ɗaure ta ya shigar da ita zaure, cikin inuwa.

Ranin shekarar ya zo da tsanani. Gobara ta tashi a dajin da ake kiwo, ta cinye busasshiyar ciyawar da ake dogaro da ita. Karan gonaki ya ƙare da wuri. Dusa ta yi wuyar samu, don mutane ma sun fara haɗa ta da gari. Shanun gari suka fara kwanciya, sai an taru an ɗaga su da sanduna. Barmo ya aika a tambayo Malam Haladu. Aka ce an yi masa canjin wurin aiki, ya koma wata ƙasa mai nisa, kuma ba a turo wani ba tukuna.

Harawar zaure ta ja baya. Barmo ya ga in ya ci gaba da raba ta wa shanu biyu, ba za ta kai ko'ina ba. Sai ya ɗauki fartanya ya fasa gefen ramin.

Wani wari ya bugo shi, mai tsami, kamar kamun koko da ya kwana. Ciyawar sama ta yi fari-fari da fumfuna. Ta ƙasa kuma ba kore ba, ba ruwan ƙasa ba, wani launi ne tsakani. Ya tsuguna yana kallo. Haka ya kamata ta zama? Ko lalacewa ta yi? Malamin cewa ya yi a zubar da ta sama, ko cewa ya yi a gauraya ta da ta ƙasa? Ya rufe ido ya nemo muryar malamin a kansa. Sai ya ji ya tuna duka biyun. Ya ji shi yana cewa a zubar. Ya ji shi yana cewa a gauraya. Ku san mutum in ya matsa wa kansa sai ya tuna, har abin da ba a faɗa ba yakan tuno.

Ya ɗebo yadda ta zo hannunsa, ta sama da ta ƙasa, ya zuba wa Guzuma. Ta shinshina, ta ci. Ta ci da yamma, ta ci washegari. Bayan 'yan kwanaki cikinta ya kumbura, ta daina tuƙa. Da safe Gaje ta fito da ƙwarya, ta tarar da ita a miƙe a turke. Ko wuƙa ba a samu an sa mata ba. Mushe.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Rabin dukiyar mutum, a dare ɗaya.

Gari ya taru. Korau ya ce, “Ai na faɗa. Ciyawar kabari ce ta kashe ta.” Wani dattijo ya ce a'a, tsufa ne, saniyar da haƙoranta suka ƙare ai ko me ka ba ta tafiya za ta yi. Wani ya ce shi ya ga sawun maciji a bayan turke. Wata ta ce shekaranjiya ta ga Guzuma tana tauna tsumma a bola. Wani ya ce shanu nawa suka mutu a garin nan cikin makon nan, su ma ramin suka ci? Aka juyo ga Barmo, aka ce, “Kai me ka gani?”

Ya ce, “Ban sani ba. Duk abin da kuka faɗa yana iya yiwuwa.”

Ya koma ya toshe ramin da laka. Ya bar wa Wake sauran harawar, yana ba ta kaɗan-kaɗan.

To, ku saurara, yanzu muka zo inda nake son mu zo.

Akwai wata tsohuwa a ƙarshen unguwar, Iya Tabawa. Mijinta ya rasu, ɗanta ya rasu, ya bar mata jikoki ƙanana. Saniya ɗaya gare ta, da nonon saniyar take riƙe da yaran. Wata safiya ta yi sallama a ƙofar Barmo. Ya fito, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, “Barmo, saniyata ta kwanta. Jiya sai da aka ɗaga ta. Ba ni da kara, ba ni da dusa. An ce kana da abinci a rami. Ka taimake ni da shi.”

Ya ce, “Iya, ba ki ji abin da ya sami Guzuma ba?”

“Na ji.”

“Ta ci, ta mutu. Ban san ko shi ne ya kashe ta ba. Ban san ko ba shi ba ne.”

Ta ce, “Ɗana, ka ba ni. In ta ci ta mutu, ai dama mutuwar za ta yi. Na yafe maka tun yanzu.”

Ya ce ta ba shi zuwa la'asar. Ta tafi tana dogara sanda.

Korau yana zaune a dakalinsa, ya ji komai. Ya taso ya ja Barmo gefe, ya rage murya. Ya ce, “Kai wane irin mutum ne? Allah ya kawo maka mafita har ƙofar gida kana cewa la'asar? Ba ta. In saniyarta ta tashi, ka san abincinka lafiya lau ne, ka ba Wake hankali kwance, ga lada, ga godiyar tsohuwa. In ta mutu, ka san guba ne, ka tsirar da taka. Kuma wa zai zarge ka? Saniyar da ta riga ta kwanta? Ita da bakinta ta roƙa, ita da bakinta ta yafe. Ta ko'ina ka duba, kai ne da riba.”

Jama'a, ku faɗa mini gaskiya. Maganar Korau akwai ƙarya a ciki? Babu. Ko ɗaya babu. Da ni da ku, da yawanmu da mun ɗauki kwando mun cika mata, mu dawo gida muna jin mun yi sadaka.

Barmo ya rasa inda zai sa kansa. Ya nufi gona, bai kai ba ya juyo. Ya shiga zaure ya kalli harawa, ya fita bayan gida ya kalli rami. In ya hana ta, saniyar ta mutu da yunwa alhali wataƙila abincin lafiyayye ne, ya zama marowaci, ya kashe ta da hannunsa. In ya ba ta, saniyar ta mutu da kumburi, ya ciyar da marayu asara. In ya ce zai jira ya tabbatar, wa zai tabbatar masa? Malamin ya tafi. Mutanen gari kowa da tasa. Ya yi alwala ya yi salla, ya roƙi Allah ya nuna masa ko abincin nan mai kyau ne ko marar kyau. Ya shafa addu'a, ya tashi. Bai ga komai ba, bai ji komai ba. Yadda ya shiga sallar a ruɗe, haka ya fito.

Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai, ya ƙi tafiya. Ya shiga gida ya sami Gaje tana tankaɗe.

Ya ce, “Gaje, ina son mu yi magana. Ban san ko ciyawar ramin nan guba ce ba. Amma na san harawar zaure ba guba ba ce.”

Ta ce, “To?”

“Abinci biyu gare mu. Ɗaya na tabbata da shi, ɗaya ina shakka. Shanu biyu ne ke jin yunwa, tamu da ta Iya Tabawa. Dole wata ta ci na shakkar.”

Gaje ta ajiye rariya. Ta gane inda ya dosa. Ta ce, “A'a. A'a, Malam. Guzuma ta tafi. Wake kaɗai ta rage mana. In ta bi ta, me yaran nan za su sha? Tsohuwar nan ita ta ce a ba ta. Ita ta ce ta yafe.”

Ya ce, “Ba ita ta ce ba, yunwa ce ta ce. Da tana da harawa ko dami ɗaya, za ta roƙi abin da ya kashe saniya?”

“Mu ma ai yunwar muke ji!”

“Haka ne. Amma ni na haƙa ramin. Ni na ce to. Ita ba ta ce komai ba. In akwai wanda zai gano ko abin nan yana kisa, da dabbar wanda ya haƙa ya kamata a gano.”

Ta ce, “Kuma kana da tabbacin abin da kake shirin yi daidai ne?”

Ya ce, “Ba ni da shi. Wataƙila wauta ce. Wataƙila ina zaluntar 'ya'yana don in kyauta wa na wani. Tun safe nake juya shi, ban ga ƙarshensa ba. Shi ya sa na zo wurinki. Ke ke tatsa, ke ke kai ƙwarya kasuwa. In kin ce a'a, na bari, mu raba harawar biyu da ita, ta ƙare mana tare.”

Gaje ta zauna a kan turmi ta yi kuka. Ba ƙaramin kuka ba. Shi kuma yana tsaye, bai lallashe ta ba. Da ta gama ta share fuska da bakin zane. Ta ce, “In an raba biyu, duka biyun za su mutu kafin ruwa ya sauka. Kwashe ka kai mata. Amma ni zan ɗebo na ramin da hannuna. Ba zan zuba wa Wake abin da ya yi fumfuna ba. Ko tuwo ne ya yi haka, sai na yaɓe saman na zubar.”

Ya ce, “In kuma malamin cewa ya yi a gauraya fa?”

Ta ce, “In ya dawo ya gauraya da kansa.”

Kafin la'asar Barmo ya kwashe harawar zaure kaf, dami bayan dami, a kansa, ya kai gidan Iya Tabawa. Tsohuwa ta ce, “Ba wannan na roƙa ba.” Ya ce, “Wannan nake da shi na bayarwa, Iya.” Korau yana kallo daga dakali, ya ce wa na kusa da shi, “Mutuwar Guzuma ta taɓa masa kai.”

Gaje ta buɗe ramin, ta kwashe ta sama ta zubar can nesa, ta ɗebo ta ciki ta zuba wa Wake. Wake ta shinshina ta kau da kai. Ta wuni ba ta ci ba. Barmo ya ce a ransa, ko dabba ta san abin da ban sani ba? Washegari yunwa ta sa ta ci. Kwana ya biyo kwana, sai ta fara zawo. Gaje ta dubi Barmo, ya dube ta. Wata rana da azahar suka ga ta kwanta. Barmo ya ruga ya kira mahauci, don kada a sake yin mushe. Mahauci ya zo da wuƙa, ya tsuguna, ya taɓa cikinta, ya kalli bakinta. Ya ce, “Barmo, wannan ai tuƙa take yi. Saniyar da ta ƙoshi ce ta kwanta hutawa. Kun daɗe ba ku ga ƙosasshiyar saniya ba ne, kun manta kamanninta.”

Zawon ya tsaya da kansa. Gashin jikinta ya fara kwanciya. Sannu a hankali nono ya fara dawowa, ba kamar na damina ba, amma ya rufe gindin ƙwarya, ya hau, har ranar da Gaje ta sa faifai ta rufe, ta ɗora a kai ta nufi kasuwa. A tsakiyar bazara, lokacin da babu mai kindirmo a garin.

Nan fa gari ya juyo. Masu dariya suka zo da kwanduna. Kun san wanda ya fara zuwa? Korau. Yana cewa ai shi tun ranar farko ya san abin zai yi, wasa kawai yake yi.

Barmo bai hana kowa ba. Amma duk wanda ya zo, kafin ya zuba masa, sai ya tsayar da shi ya ce, “Tsaya ka ji. Guzuma ta ci wannan ta mutu. Wake ta ci ta rayu. Guzuma ta ci da na sama, Wake ba ta ci na sama ba. Ko shi ne bambancin, ko ba shi ba ne, ban sani ba. In ka yarda, ga shi.” Kowa sai ya ji wannan. Har mutane suka gaji, suna cewa, “Mun ji, mun ji, zuba mana.” Ya ce, “Kai ka ji, wancan bai ji ba.” Wasu da suka ji sun fasa, sun koma da kwandonsu wayam. Bai roƙe su ba.

Kada ku zaci labarin ya ƙare da kowa yana murna. Rami ɗaya ne, garin kuwa da yawa. Ya ƙare kafin ruwan farko, ruwan kuma ya yi jinkiri. Wake ta sake ramewa, nonon ya sake ja baya, Barmo ya koma hawa itatuwa yana saro mata ganye. Gaje ta yi masa gori a kan rabar da abincin ramin da ya yi, kuma tana da gaskiyarta. Cikin shanun da suka ci na ramin, akwai wadda ta mutu duk da haka, mai ita ya daina gaisawa da Barmo har aka yi shekara. Saniyar Iya Tabawa ta tashi, ta ga damina. Wake ma ta ga damina, da ƙyar.

Da kaka ta zagayo, aka haƙa ramuka a gidaje da dama. Harawa ta sauka daga kan rufi ta shiga inuwa. Daga baya aka turo wani sabon malamin dabbobi, ya tabbatar musu cewa ciyawar da ta yi fumfuna zubarwa ake yi. Barmo ya same shi gefe ya ba shi labarin Guzuma, ya ce, “To, ita ce ta kashe ta?” Malamin ya ce, “Tana iya yiwuwa. Tana iya yiwuwa kuma tsufa ne, ko wani abu ta haɗiya. Tunda ban gan ta ba, ba zan yanke maka ba.” Har Barmo ya koma ga Mahaliccinsa bai san abin da ya kashe saniyarsa ba. Ni ma da nake ba ku labarin ban sani ba.

To, 'yan'uwa, me ya sa na tsayar da ku a kan wannan?

Don da yawanmu muna zaton mutumin kirki shi ne wanda ya san daidai, ya ga hanya fes, ya bi. A'a. Sau da yawa ba za ka sani ba. Za ka tambaya a ba ka amsa goma. Za ka yi addu'a ka tashi kanka bai waye ba. Ruɗewa ba zunubi ba ce. Inda ake gane mutum shi ne, in ya ruɗe, a kan wa yake ɗora hatsarin ruɗewarsa? A kan kansa, ko a kan wanda ya fi shi rauni?

Ku duba kanku. Kai mai shago, kayan da kake shakkar sun lalace, wa kake tura wa? Ba wanda ba zai iya dawowa ya yi maka faɗa ba? Ke uwar gida, abincin da kika ji ya fara canza wari, kika ce a miƙa wa mai aiki, da sunan kyauta kika ba ta ko da sunan gwaji? Kai da aka ba ka sabon iri, ka ce bari maƙwabcinka talaka ya fara shukawa ka gani. Kai da ka ji an ce ganye kaza yana maganin ciwo kaza, ba ka taɓa sha ba, ba za ka ba ɗanka ba, amma ka tura wa mutane a waya, har da rantsuwa. Mai bukata zai karɓa. Zai ce ya yarda, zai ce ya yafe, zai ma yi maka godiya. Yardar wanda ba shi da zaɓi ba ta wanke ka ba.

Abin da ka tabbata da kyansa, shi ake bayarwa. Abin da kake shakka, ka fara da kanka. In kuma dole sai ka miƙa shi ga wani, to ka buɗe baki ka faɗi aibinsa, ko za a gaji da kai, ko za a fasa karɓa, ko za a ce ba ka da wayo. Gobe da safe wani zai tsaya a gabanka, a shago ko a ƙofar gida, ya miƙo hannu, bai san abin da ka sani ba. Kai kaɗai ka sani, sai Allah. A nan za a auna ka.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan kayanmu ne. Allah ya hana mu gwada shakkarmu a kan masu rauni. Allah ya jiƙan magabatanmu. Ku tashi mu yi salla.